Matakalar Abu Tawfik

Ranar Litinin ta biyu bayan Ista, Assis Tawfik, faston cocinmu na Lutheran, ya fito tsakar gidansu da sabon wandon aiki mai aljihu barkatai da guduma a hannu, ya tsaya a gindin matakalar dutsen da ke hawa ɗakin mahaifinsa. Ina baranda ina shanya. Gidana da nasu katanga ɗaya ce ta raba mu, barandata kuma tana kallon ta tsohon, don haka duk abin da zan faɗa da idona na gan shi.

Litinin ce ranar hutun Assis, kamar yadda muke kiran fasto a nan, kuma duk unguwa mun san abin da hutunsa yake haifarwa. Ya taɓa kwance famfon kicin ya bar matarsa tana wanke-wanke a baho har wata biyu. Ya fara shafa wa ƙofar gida fenti, har yau rabinta kore ne rabinta tsatsa. Mutum ne mai daɗin murya, idan ya hau bagade yana magana a kan tausayi sai ka ga mata suna lalubar hankici, amma hannunsa bai taɓa ƙarasa komai ba.

Mahaifinsa, Abu Tawfik, ya leƙo daga sama yana dafe da ƙarfen baranda. Shekararsa tamanin da biyu, magini ne, rabin gidajen tudun nan da ke kallon Baitalami shi ya sassaƙa duwatsunsu. Matakalar ma shi ya gina ta, taki goma sha tara, kowane dutse kansa a cikin bango, bakinsa a kan na ƙasa da shi, babu ginshiƙi ko ɗaya.

Ya ce, "Me za ka yi da guduma, yaba?" A wurinmu da yaba, wato baba, uba da ɗa suke kiran juna.

Assis ya ɗaga kai ya ce, "Ukun ƙasan nan zan cire, in zuba maka gangara mai sauƙi. Gwiwarka ba ta son tsayinsu."

"Gwiwata ta kawo maka ƙara ne? Kada ka taɓa na ƙasa, su ke ɗauke da na sama."

"Na kalli yadda ake yi a waya, yaba. Sati guda na gama."

"Wayar ce ta gina ta?"

Assis ya yi irin dariyar da yake yi wa tsofaffin coci idan sun ɓata waƙa, ya ɗaga guduma. Kafin azahar na ji wani rugugi da ya sa kofuna suka yi ƙara a kicin ɗina. Da na fito, taki goma sha ɗaya suna zube a tsakar gida, Assis yana tsaye jikin katanga fari fat da ƙura. Sauran takwas ɗin suna reto a bango, shi ma ya ga ba za su zauna ba, ya ƙarasa su da yamma. Tsohon ya sake fitowa. Ya tsaya a bakin baranda yana kallon duwatsunsa a ƙasa, tsakaninsa da su tsayin mutum biyu da rabi.

Washegari da safe Mu'allim Mitri ya zo, wanda suka yi shekara talatin suna aiki tare da tsohon. A wurin maginanmu ba a sa hannu a aikin wani sai mai gida ya buɗe baki ya nema, ko da rufi zai faɗo wa mutane a ka. Don haka Mitri ya zauna a falo da hularsa a gwiwa yana jiran kalma ɗaya. Assis ya ba shi gahawa, ya tambaye shi jikokinsa, ya raka shi har bakin titi. Da na tare Assis ina tambayar dalili, sai ya ce, "Haba Im Saliba, ɗan Abu Tawfik ya ɗauko magini daga waje? Ai mutuncin tsohon ne zai zube. Aikin nan nawa ne, bashin ɗa ne a kan uba."

Ya jingina tsanin katako a baranda, ya ɗaura bokiti a igiya. Matarsa Sitt Nuhad malamar makaranta ce, ta ce ita jiri take ji ko kujera ta hau, don haka da safe kafin ta fita takan zuba burodi da man zaitun da shayi a bokiti, ta ɗaga murya ta ce, "Ammi, ja!" Haka mace take kiran uban mijinta a wurinmu. Tsohon ya ja. Da rana kuma shinkafa da adas, ɗan ƙaramin waken nan namu, ko abin da ya kwana.

Da fari shi kansa ya ɗauki abin da wasa. Ana cewa a ɗauko samari su sauko da shi ta tsani sai ya ce, "Ni buhun alkama ne? Da ƙafata na hau, da ƙafata zan sauko." Kullum da hantsi yakan yi zarya a baranda, taki shida zuwa, taki shida dawowa, yana ƙirgawa da ƙarfi don in ji. Mutumin da ya saba sauka kasuwa kowace safiya ya zauna da abokansa, ya zagaya gonar zaituninsa, ya dawo da gumi.

Litinin ta zo, aka yi rasuwa a coci. Ta gaba kuma baƙi suka zo daga Jamus, Assis ya kai su yawon ganin wurare. Ta gaba yaran da za a tabbatar da su cikin bangaskiya suna da jarrabawa. A watan Yuni ya sayo buhunan siminti ya jibge, ya kafa katakai, ya ja zare. Tsohon ya leƙo ya ce zaren ya karkace. Assis ya ce, "Yaba, zamani ya canja." Aka kira shi a waya wai wasu ma'aurata suna rikici, ya jefar da awo ya sa farar kwalarsa ya fita. Raɓa da laima suka yi ta bin simintin har buhunan suka daskare suka zama duwatsu, kaji na hawa kansu.

Ba zan ce Assis malalaci ba ne, wannan ƙarya ce. Daga asibiti zuwa makaranta, daga taron dattawan coci zuwa gidan makoki, ba ya zama. Duk wanda ya yi tari a garin nan sai ya gan shi a bakin gadonsa. Abin da ke ɓata mini rai ke nan. Yakan yi awa biyu a shingen sojoji don ya duba wata tsohuwa a Kudus, ya dawo ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga kai ya ce, "Yaba, lafiya dai?" Kafin amsa ta sauko ya shige ɗakin karatunsa. Tsanin nan sau ɗaya yake hawa a mako, ranar Asabar, ya yi minti goma.

Bazara ta kama sosai. Ɗakin sama rufin siminti ne, da azahar kamar tanda. Tsohon ya rage zarya, ƙirgarsa ta dawo ashirin, ta dawo goma, daga baya na daina ji. Ƙafafunsa suka kumbura har silifa ta daina shiga. Jikarsa Randa, babbar 'yar Assis, ita kaɗai ke hawa da son ranta, amma a kantin magani take aiki a Ramalla, sai ƙarshen mako take zuwa. Ita ta kawo likita. Na ji likitan yana saukowa yana cewa, "Assis, tsoho idan ya daina tafiya, ƙafa ba ta jiran sa. A sauko da shi."

Assis ya ce, "Muna kai, likita. Da an gama taron majalisar coci zan zuba."

A watan Agusta Mu'allim Mitri ya rasu. Ƙararrawa ta yi ta bugawa, Assis ne ya yi hidimar jana'izar, aka ce ya yi wa'azi mai ratsa jiki a kan maginin da ya kafa gidansa a kan dutse. Tsohon ya sa baƙar kwat ɗinsa a cikin wannan zafin, ya ɗaura rawani, ya zauna a baranda tun daga bugun farko har aka watse. Da na dawo daga maƙabarta ya kira ni.

"Im Saliba, su wa suka ɗauke shi?"

Na lissafa masa.

"An bar mini wuri a gaba?"

Na kau da kai ina gyara shanyar da ke kan igiya. Ya cire kwat ɗin a hankali, ya ce, "Ki ce wa Tawfik na yarda. Su sauko da ni ko a buhu ne."

Na sami Assis da matarsa da yamma suna cin abinci, na faɗa musu. Sitt Nuhad ta ajiye cokali ta ce, "To a sauko da shi a sa shi ina, Im Saliba? Falo na jama'ar coci ne, kullum da baƙo. Ɗakin yara ga su nan kamar kifin gwangwani." Na ce ga ɗakin karatu. Assis ya dube ni kamar na zagi Littafi Mai Tsarki. Ya ce, "A can nake shirya abincin ruhaniya na mutum ɗari biyu. Kuma ki duba, a ga ana zuro mahaifin fasto da igiya kamar tankin ruwa? Gobe hoton yana wayar kowa. Ki bar ni in yi masa abin da ya dace da shi, matakalar dutse irin tasa."

Na ce a kawo shi gidana, ina da ɗaki. Ya ce, "Ke gwauruwa, shi gwauro. Kin san bakin mutanenmu." Shekarata sittin da takwas, jama'a! Na tashi na fita ban sha shayinsu ba.

Na je wurin dattawan coci ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ce harkar cikin gida ce. Wancan ya ce Assis yana da nauyi a kansa, kada mu ƙara masa. Na ukun ya rage murya ya ce cocinmu ƙarami ne a tsakanin manya, idan magana ta fita dariya za a yi mana. Kowa ya sani, kowa ya yi gum, kuma duk ranar Lahadi suna layi suna gaisawa da shi a bakin ƙofa.

Lokacin tsinkar zaitun ya zo ya wuce, aka ba wasu gonar suka tsinka a raba. Wata Laraba a watan Nuwamba na ga bokitin safe yana reto a ƙasa da burodinsa, kyanwa na shinshina. Sitt Nuhad ta kira sau ɗaya ta tafi makaranta. Na yi ta kwala kira daga barandata, shiru. Na buga wa Assis waya, ya kashe, ya aiko saƙo wai yana taron addu'ar mata. Sai na tattara siket ɗina na hau tsanin da kaina.

Warin ne ya fara tarye ni. Ɗakin nan ya yi watanni bai ga tsintsiyar kirki ba, kwanuka da ƙudaje, zanin gado ya yi baƙi. Na same shi a banɗaki kwance a kan tayil tun asuba, ya ɓata jikinsa, leɓensa ya bushe. Da ya gan ni sai ya ja tawul ya rufe fuskarsa. Ya ce, "Kada ki dube ni, 'yar mutane." Na wanke shi ina kuka ina zagi, ban san wa nake zagi ba a cikinsu. Daga ranar bai ƙara tsayuwa da ƙafarsa ba sai da jan gindi.

Assis ya yi hawaye na gaske da ya ji, wannan na shaida. Ya riƙe hannun uban ya ce, "Wallahi yaba, da an fita Kirsimeti." Ya sayo masa kujera mai fo a ƙasa, ya ɗauko wata mata tana hawa sau biyu a mako ta kula da shi. Ya kuma sayo sabon siminti ya jibge kusa da wancan da ya daskare.

Bayan Kirsimeti da mako biyu sai ga magana: wani saurayi daga Beit Sahur yana son Randa, ita ma tana son sa, dattawan gidansu za su zo neman aure ranar Asabar. A wurinmu idan sun zo za a ajiye musu gahawa a gabansu, ba za su taɓa kofin ba sai babban gida ya buɗe baki ya ce su sha. Babban gidan nan kuwa yana sama. Idan uba ya amsa alhali kaka yana da rai, baƙi za su koma suna tambayar me aka ɓoye.

Ranar Alhamis da safe babbar mota ta tsaya a ƙofar gida. Leburori huɗu suka sauke ƙarafa, suka haɗa wata matakala irin ta wurin gini, mai noti da ƙusa. Ina duba agogo: awa uku da kwata. Wata tara tsohon nan yana sama, abin da ya raba shi da ƙasa awa uku ne da kwata. Aka kwashe duwatsun da buhunan aka kai bayan gida, aka jera tukwanen fure a wurin.

Ranar Asabar aka yi wa tsohon aski, aka sa masa kwat ɗin da yanzu mutum biyu za su shiga. Assis ya tsaya a ƙasa yana murmushi ya ce, "Bismilla, yaba, ga matakala. Sauko da ƙafarka kamar yadda ka ce." Tsohon ya dafa ƙarfe ya yunƙura, ƙafafun suka lanƙwashe kamar dafaffiyar taliya. A kan kujera samari suka sauko da shi, aka lulluɓe masa gwiwa da bargo aka ajiye shi a tsakiyar falo.

Ina bakin ƙofar kicin tare da mata muna leƙe. Maza kusan arba'in, kofuna a jere suna hayaƙi. Kawun saurayin ya miƙe ya yabi gidan, ya ce sun zo ne don sun san 'yar da ta tashi a gidan da ake girmama manya ita ma za ta girmama nasu. Assis ya sunkuyar da kai irin na masu tawali'u. Kowa ya juya ga tsohon. Ya bi fuskokinsu da kallo ɗaya bayan ɗaya, har gahawa ta fara hucewa, na ga gumi yana bin farar kwalar Assis. Raina ya ce, faɗa musu, Abu Tawfik, faɗa musu! Sai ya hango Randa a bayanmu tana murza yatsu. Ya ce, "Ku sha gahawarku." Mata suka rangaɗa guɗa.

Da la'asar baƙi suka watse. Aka fito da tsohon tsakar gida za a mayar da shi sama. Ya zame ƙafa ɗaya daga silifa ya ɗora tafinta a kan ƙasa, ƙasar da ruwan sama ya jiƙa, ya bar ta a nan.

Ya ce, "Tawfik, ka bar ni a ɗakin ajiya na bayan kicin. Katifa kawai nake so."

Assis ya durƙusa a gabansa ya ce, "Yaba, ɗakin buhuna da tulunan zaitun? Yanzu muna da surukai. Su zo su tarar da kai a can, me za su ce?"

"Ba sai sun gan ni ba. Ka rufe ƙofa."

"Mutuncinka ya fi haka a wurina."

Samari suka kama kujera. Tsohon ya miƙa hannu ya cafke reshen lemun tsamin da ke gefe, da hannun nan da ya yi shekara sittin yana riƙe guduma. Suka ja, bishiyar ta girgiza, bai saki ba. Randa tana cewa, "Baba, ku bar Sidi mana, ku bar mini kakana!" uwarta ta ja ta ciki wai kwalliyarta za ta ɓaci. Assis ya sa hannu yana ɓamɓare yatsun ubansa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yana magana da muryar nan tasa ta bakin gadon marasa lafiya: "Yi haƙuri, yaba. Ga matakala yanzu, kullum za mu riƙa sauko da kai."

Ranar Litinin motar ta dawo. Ashe aro ce, wani ɗan kwangila a coci ya ba da ita na kwana huɗu, yana bukatar abarsa a wurin aiki. Na fito ko ɗankwali babu na ce, "Assis, ka ji tsoron Allah!" Ya ce, "Im Saliba, ƙarfe ai ba na gidan magini ba ne. Ta dutse zan yi masa. Da an fita Ista." Ya mayar da tsanin katako inda yake, ya duba agogo, ya ce yana da nazarin Littafi da matasa.

Lahadin da ta biyo na je coci, don ba wurinsa nake zuwa ba. Da aka zo addu'ar jama'a ya buɗe takarda yana karanta sunayen waɗanda ciwo ya hana su fitowa. Suna na uku ya ce, "Da bawanka, mahaifina, wanda ka jarraba da rashin ƙafa." Muryarsa har rawa ta yi. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Ba Allah ya jarrabe shi ba. Guduma ce, kuma duk kun san mai ita."

Kawuna suka juyo gare ni. Wata ta ja mini siket ta baya. Assis ya dube ni da tausayi, ya ɗaga hannu ya ce, "Mu kuma tuna da 'yar'uwarmu Im Saliba, Ubangiji ya ba ta salama." Mutum ɗari biyu suka ce Amin, da ƙarfi, har da dattawan nan uku. Mai molo ta danna waƙa.

Da na koma gida na hau barandata. An jawo wa tsohon gado kusa da taga, kansa kawai nake hange a kan matashi. Na yi masa sallama, ya juyo da ƙyar.

Ya ce, "An tashi daga coci?"

Na ce an tashi.

"Ya yi mini addu'a?"

"Ya yi, Abu Tawfik. A gaban kowa."

Ya lumshe ido ya ce, "To ki ce masa ta iso. Ita kaɗai ce ba ta bukatar matakala."